Aladu biyu, uwa ɗaya, mudu ɗaya: ina abincin ɗayan yake tafiya?

Baba Danjuma (Kafanchan): Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi zaure ko Allah zai sa a samu mai haske. Cikin 'ya'yan da aladata ta haifa na ware maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, rana ɗaya aka yaye su, rana ɗaya aka dandaƙe su. Kowanne da ɗakinsa. Da mudu ɗaya nake auna musu abinci: dusar masara, dusar burukutu, da ɗan waken suya idan aljihu ya yarda. Mai baƙin kunne kullum sai ya lashe kominsa tas, ya ɗora ƙafafu a kan katanga yana kuka. Ɗayan kuwa ya ci ya bar saura ya je ya kwanta. Jiya na aro sikeli na ɗora su, sai ga mai barin saura ya fi mai kukan da kilo 6. To ina abincin mai baƙin kunne yake tafiya? Kashinsa lafiya, ba ya zawo, ba ya tari.

Ladi (ɗaliba, Zariya): Baba, barka da yamma. Wallahi tambayar nan taka ita ce abin da nake karatu a kai wannan zangon, sai na ji kamar ka leƙa littafina. Masana sun daɗe da lura da wannan. Tun 1963 wani mai bincike a Amurka, Robert Koch, shi da abokan aikinsa suka fito da hanyar auna tattalin abinci a shanu. Ana lissafa abincin da ya kamata dabba ta ci bisa nauyinta da saurin girmanta, a alade har da kaurin kitsen bayanta, sai a kwatanta da abin da ta ci a zahiri. Wadda ta ci fiye da lissafi tana ɓarnar abinci a cikin jikinta, wadda ta ci ƙasa da lissafi ita ce mai tattali. Mai baƙin kunnenka yana rukunin farko.

Inda abincin yake tafiya kuwa, yawancinmu ciki muke zargi, muna cewa bai narke ba. Narkewa tana da nata kason, amma babban kaso yana ƙonewa ne bayan abincin ya riga ya shiga jini, kuma tsoka na cikin manyan wuraren da yake ƙonewa, tunda ita ce mafi yawa a jikin alade.

Musa Gwammaja: Don Allah shugaba, wannan zauren na kiwo ne ko na me? Akwai Musulmi da yawa a nan, maganar alade ba ta dace da mu ba.

Malam Ibrahim (shugaban zaure): Malam Musa, na fahimce ka. Tun ranar da muka buɗe zauren nan muka rubuta cewa na masu kiwo ne da ɗaliban kimiyyar dabbobi, Musulmi da Kirista. Ni ma ba na ci ba na kiwo, addinina ya hana ni, kuma ba wanda ya ce wani ya ci. Baba Danjuma ya sha taimakon mutane a nan kan awaki da kaji, yau shi ke da tambaya, haƙƙinsa ne a amsa masa. Wanda bai so ya wuce zuwa saƙo na gaba. Ladi, ci gaba.

Alhaji Sani (mai gonar kaji, Kano): Ni dai kunnena na nan. Abin da ke cinye kuɗin Baba Danjuma shi ke cinye nawa. A kaji da aladu duka, abinci ne ke ɗauke kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa. Idan akwai dalilin da ya sa wata dabba take mayar da masara nama fiye da 'yar'uwarta, ina so in sani, ko a jikin wace halitta aka gano shi.

Ladi: Na gode Malam, na gode Alhaji. Bari in fara da ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke rubuce a DNA wanda dabba ke gada daga uwa da uba, don a nan mutane suke rikicewa.

Alade yana da ƙwayoyin gado sama da 20,000. An wallafa cikakken jerinsu a 2012, daga jikin wata macen alade jinsin Duroc. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinsa, ta hanta ce ko ta tsoka ko ta fata, tana ɗauke da jerin nan gaba ɗaya. Bambancin shi ne waɗanne ne suke aiki, kuma da wane ƙarfi. Ku ɗauka kasuwa ce mai rumfuna dubu ashirin. Rumfunan duk suna nan a ko'ina, amma a tsoka wasu a buɗe suke ana ta ciniki, wasu an ɗan buɗe ƙofa, wasu a garƙame. Idan ƙwayar gado ta buɗe, tana fitar da saƙo da ake kira RNA, daga shi ake ƙera furotin. Masu bincike suna yankar ɗan guntun tsokar gadon baya nan take bayan yanka, su jefa shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, domin RNA ba ya jimawa yake lalacewa, sannan su ƙirga saƙonnin kowace rumfa.

Wurare biyu ne suka fi shahara da wannan aikin. A Jami'ar Jihar Iowa a Amurka sun fara a 2001 da aladu jinsin Yorkshire, ƙarƙashin Farfesa Jack Dekkers. A Faransa kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRA, wadda ta koma INRAE a 2020, ta fara a 2000 da jinsin Large White. Abin da suka yi mai sauƙin faɗa ne mai wuyar yi: kowane zuri sai a zaɓi masu tattalin abinci a haɗa su da junansu, a Faransa tun daga farko har masu ɓarna aka riƙa haɗawa da junansu, shekara da shekaru, har aka samu dangi biyu da suka bambanta a fili. Daga nan aka buɗe tsokarsu aka duba.

Baba Danjuma: To 'yata, me suka gani? Kada ki tsaya a nan.

Ladi: Abu biyu suka fi tsaya mini a rai, Baba.

Na farko, tsoka ba a gina ta sau ɗaya a gama. Kullum jiki yana rushe tsohon furotin yana gina sabo, kamar magini da yake ɗora bulo goma da safe, da yamma ya sauke bakwai. Girman da kake gani a sikeli shi ne ukun da suka rage, amma kuɗin aikin goman da na sauke bakwan duk daga kominka ake biya. A Iowa sun gano cewa a tsokar aladu masu tattali, sinadaran da ke aikin rushewa, irin su kalfen da abin da ake kira furotiyasom, ba su kai na ɗaya dangin zafin aiki ba. A Faransa kuma sun ga ƙwayoyin gado masu aikin ƙera furotin sun fi buɗewa a masu tattali. Wato maginin nasu ya rage saukewa, ko ya ƙara ɗorawa.

Na biyu su ne mitokondiriya, ƙananan injinan da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta, masu ƙona abinci da iskar numfashi su samar da ƙarfi. Kamar janareta suke. Wani janareta ka zuba masa lita ɗaya ya kai ka dare, wani kuma rabin man a hayaƙi da zafi yake tafiya. Idan injinan nan suna yoyo, suna fitar da wasu sinadarai masu ƙona abin da ke kusa da su, sai jiki ya sake kashe ƙarfi wajen gyaran ɓarnar. A Iowa an ga injinan tsokar masu tattali ba su kai na sauran yoyo ba.

Sannan akwai abin da kai da kanka ka faɗa ba tare da ka san ka faɗi kimiyya ba: ɗaya yana tsaye a katanga yana kuka, ɗaya yana kwance. A Faransa sun sa ido a kan wannan, suka ga dangin masu tattali ba su cika tsayuwa da kai-komo ba. Tsayuwa tana cin ƙarfi sosai a jikin alade.

Alhaji Sani: Maganar janaretan nan na taɓa jinta a kaji. Wani bature ne ko?

Ladi: Eh Alhaji, Walter Bottje na Jami'ar Arkansas. Tun farkon shekarun 2000 ya nuna cewa kajin nama masu mayar da abinci nama da kyau, injinan tsokar ƙirjinsu sun fi aiki da tsafta, yoyonsu kaɗan ne. Amma ga inda abin ya ɗaure mini kai. A aladun Faransa, ƙwayoyin gado masu kula da injinan nan sun fi lafawa ne a masu tattali. Tsoka zare-zare ce, akwai fari akwai ja, tasu kuwa ta karkata zuwa farin zare, wanda ya fi dogara da sukarin da aka ajiye a tsoka, maimakon jan zare mai yawan injina. Saboda haka ba a samu amsa ɗaya da ta dace da kowace dabba da kowane jinsi ba. Hanyar tattali ta fi ɗaya.

Dakta Hauwa (likitar dabbobi, Jos): Ladi kin yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Amma ina so in ja birki kaɗan, don kada Baba ya tafi da cewa matsalarsa gado ce alhali ba mu tabbatar ba.

Aladun da ake wannan binciken a kansu suna cikin ɗakuna masu daidaitaccen sanyi, abincinsu an haɗa shi da lissafi, kowanne da na'ura a kunne mai rubuta duk abin da ya ci, an ba su maganin tsutsa, an yi musu rigakafi. Sai da aka kawar da duk sauran dalilai sannan gado ya fito fili. Mu a nan ba mu kawar da ko ɗaya ba. A aikina, idan aka kawo mini alade mai ci ba ya girma, abin da nake fara nema tsutsar ciki ce, sai ƙazuwa, sai masara ko gyaɗa da ta yi fumfuna. Na taɓa tsayawa a kan wani da aka yanka, hantarsa duk fararen tabo kamar an yayyafa mata madara, alamar tsutsa ta ratsa ta. Mai shi ya rantse mini ba ya zawo, kuma gaskiya ya faɗa.

Baba, yaushe rabon da ka ba su maganin tsutsa? Kuma ɗakin mai baƙin kunne wane gefe yake kallo?

Baba Danjuma: Dakta, magani tun lokacin yaye, ban sake ba. Ɗakin kuwa, kin taɓo wani abu. Nasa ne na ƙarshe, kwanon rufin ya fi ƙasa, rana tana dukansa daga azahar har yamma. Na ɗayan yana ƙarƙashin mangwaro.

Dakta Hauwa: To ka gani. Alade ba ya gumin da zai sanyaya masa jiki, shi ya sa yake neman taɓo. Zafi yana sa shi haki, yana taɓa hanjinsa, yana canza yadda jikinsa yake sarrafa abinci. Galibi ma rage ci yake yi a zafi, to naka da yake cinyewa yana neman ƙari ya fi sa ni zargin tsutsa, amma rufin ma a gyara. Kuma Ladi za ta gaya maka zafi da ciwo su ma suna buɗe wasu rumfunan su rufe wasu. Wannan ne abin da yake damuna da irin waɗannan binciken: kin ƙirga cinikin kasuwa rana ɗaya, a tsoka ɗaya, bayan an yanka dabba. Ta yaya za ki san ko buɗewar rumfar ce ta jawo tattalin, ko kuwa ƙarancin cin ne ya buɗe rumfar?

Ladi: Anti, wannan tambayar malaminmu ma ya yi mana ita a aji, kuma gaskiya a yawancin jerin ƙwayoyin gadon da ake fitarwa, ɗaruruwa a lokaci guda, abin da aka nuna shi ne suna tafiya tare da tattalin, ba a nuna su ne sanadi ba. Na yarda da ke a nan.

Amma akwai guda ɗaya da aka bi diddiginta har ƙarshe, kuma ita ce ta sa na ƙaunaci wannan fannin. Sunanta IGF2. A 2003 masu bincike daga Uppsala a Suwidin da Liège a Beljiyam, ciki har da Leif Andersson da Michel Georges, suka wallafa cewa harafi ɗaya tak na rubutun DNA ne ya canza a cikinta. Harafin ma ba ya cikin ɓangaren da ake ƙera furotin da shi, yana wurin da wani sinadari mai gadi yake zama ya danne ta bayan haihuwa. Da harafin ya canza, mai gadin ya rasa wurin zama, sai ƙwayar gadon ta ci gaba da aiki a tsoka har kusan ninki uku. Sakamakon: ƙarin nama da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, da raguwar kitsen baya. Daga baya, a 2009, aka gano mai gadin aka sa masa suna ZBED6. Furotin ɗin da ake ƙerawa daga IGF2 bai canza ba ko kaɗan, yawan buɗewar rumfar ne kawai ya canza.

Ga abin da zai amfani Baba: a tsoka, kwafin da ɗan alade ya gada daga ubansa ne yake aiki, na uwa a rufe yake. Ko uwar tana ɗauke da harafin mai kyau, ba zai nuna a naman 'ya'yanta ba.

Baba Danjuma: Ikon Allah. Mu kuwa a nan uwa muke tsayawa mu zaɓa, mu ƙirga nonuwanta, mu tambayi nawa uwarta take haifa. Namiji kuwa duk wanda yake kusa, na maƙwabci, a biya a kai masa.

Ladi: Zaɓen uwa daidai ne Baba, haihuwa da shayarwa a wurinta suke. Amma namiji ɗaya yana iya zama uban garken unguwa guda, bai kamata a bar shi ga sa'a ba.

Dakta Hauwa: Kuma wannan yawon namiji gida-gida hanya ce ta zazzaɓin aladu na Afirka. Mun ga abin da ya yi a babbar gonar aladu ta Oke-Aro, a iyakar Legas da Ogun, a 2020. Ba gado ne kaɗai namijin aro yake kawowa gida ba.

Mama Saratu (mai sayar da nama): Ni ban yi karatunku ba, amma wuƙa tana hannuna shekara da shekaru, bari in faɗi nawa. Waɗannan aladun na gona masu saurin girma, wani lokaci idan ka yanka sai ka ga naman fari fat, laushi kamar an jiƙa shi, ka ajiye a tire kafin awa ɗaya ruwa ya taru a ƙasa. Wannan ruwan nauyi ne na saya da kuɗina yake tsiyayewa. A wuta kuma ya ƙanƙance ya bushe. Masu saye na suna dawowa ne don naman gida mai ɗan ja da kitse a cikinsa. Idan wannan tattalin naku irin naman nan zai ƙara kawo mana, ni ba na murna.

Ladi: Mama, abin da kika faɗa yana rubuce a binciken Faransa kusan kalma da kalma. Dangin masu tattali naman bayansu ya fi haske, ya fi tsiyayar ruwa, kitsen cikin tsoka ya ragu. Dalili shi ne farin zaren nan da na ambata. Yana ajiye sukari da yawa, bayan yanka sukarin yana komawa tsami, tsamin kuma yana hana nama riƙe ruwansa. A Iowa ba a ga lalacewar nama sosai haka ba, sai dai nasu masu tattalin sun ɗan rage saurin girma, kitsensu ma ya ragu.

Mafi munin irin naman da kike nufi kuma yana da wani sanadin na gado. Akwai ƙwayar gado mai suna RYR1, mai kula da ƙofar da sinadarin kalsiyam yake fita a cikin tsoka. A 1991 aka gano canjin da ke sa ƙofar yoyo, a ɗakin binciken David MacLennan a Toronto. An fi saninsa a jinsin Pietrain na Beljiyam. Aladun da suka gaje shi daga uwa da uba suna da nama sosai, kitse kaɗan, shi ya sa masu kiwo a Turai suka yi ta zaɓensu ba su sani ba. Amma da an tsorata su ko an loda su a mota cikin zafi, sai tsoka ta sandare, jiki ya yi zafi, wasu su mutu nan take. Waɗanda suka kai mayanka kuma namansu ya fito yadda kika kwatanta. Da aka samu gwajin DNA, kamfanonin kiwo da yawa suka cire shi daga garkensu.

Dakta Hauwa: Ko babu wannan gadon ma, Mama, alade da aka kora aka doka da sanda aka yanka yana haki zai iya ba ki farin nama mai ruwa. Ki gaya wa masu yanka miki su bar shi ya huta a inuwa, ya sha ruwa.

Mama Saratu: Wannan kam zan faɗa musu gobe. Yaran nan da gudu suke jawo su daga kasuwar aladu ta Katsit.

Alhaji Sani: Mu ma a kaji mun ga irin wannan. An zaɓi saurin girma da faɗin ƙirji har kaza ta kai yanka a sati shida, sai ga ciwon ƙafa da mutuwar farat ɗaya cikin zafin Afrilu. Amma Ladi, tambaya ta kasuwa: mutum irina ko irin Baba, akwai inda zai kai jini a gwada masa a ce wannan mai tattali ne?

Ladi: Alhaji, na IGF2 da RYR1 da wata da ake kira MC4R mai alaƙa da yawan ci, gwajinsu sananne ne a ɗakunan bincike. Amma tattalin abinci gaba ɗayansa ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da shi ba, ɗaruruwa ne kowace da ɗan kasonta. Manyan kamfanonin kiwo suna haɗa dubban alamomin DNA da bayanan cin dubban dabbobi kafin su yi hasashe, kuma hasashen da aka gina a kan aladun Turai masu cin masara da waken suya ba lallai ya yi daidai a kan alade mai cin dusar burukutu ba. Abin da ya sa nake son aikina na digiri ya kasance a kan aladunmu ke nan, da abincinmu, cikin zafinmu. Amma ko ni sai na fara da abin da Baba ya riga ya yi: ɗaki daban, mudu, sikeli, littafi.

Dakta Hauwa: Baba, ga abin da nake so ka yi. Ka ba su duka biyun maganin tsutsa rana ɗaya, wanda likitan yankinku zai auna maka bisa nauyinsu. Ka musanya musu ɗaki, mai baƙin kunne ya koma ƙarƙashin mangwaro. Abinci kuma ka daina aunawa da mudu, don dusar burukutu jiƙaƙƙiya da busasshiya ba nauyinsu ɗaya ba. Ka auna a sikeli, abin da ka zuba da abin da ya rage, har wanda suka zubar a ƙasa. Ranar farko ka auna su, bayan sati huɗu ka sake. Ka raba kilon abincin da kowanne ya ci da kilon da ya ƙara. A gonakin zamani ana samun kilo ɗaya na girma da abinci kilo 2.5 zuwa 3, naka zai fi haka saboda dusa ce, kada hakan ya dame ka, tsakaninsu biyu za ka kwatanta.

Ladi: Idan bayan haka mai baƙin kunne yana nan yadda yake, to ni da Anti sai mu koma maganar tsoka. Baba, 'yan'uwansu mata na wannan haihuwar suna nan?

Baba Danjuma: Uku suna nan, ɗaya na sayar. Amma ɗaki ɗaya suke, komi ɗaya, ban san wadda ta fi ci ba. Akwai bulo da ya rage daga gyaran kicin, zan sa yaro ya raba ɗakin gida uku ranar Asabar. Sikelin kuwa na mai shagon hatsi ne, sai na roƙe shi ya bar mini shi wata guda, ko in ba shi wani abu.

Alhaji Sani: Kada ka roƙa, Baba. Ina da na rataye guda biyu a gona, ɗaya ba na amfani da shi, yana ɗaukar har kilo 100. Ka turo mini saƙo ta gefe, in ba direban da ke zuwa Kafanchan ya kawo maka.